Alhamdulillah an gama difens, sai godiya

Alhamdulillah, jiya na gama difens ɗina na mastas, wato kare bincikena a gaban malamai, kuma wallahi saƙonnin da suka shigo sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan.

Hajiyarmu da Baba, Allah ya saka muku da Aljanna. Hajiya har yau in an tambaye ta me nake karanta sai ta ce "yana can yana kiwon sauro", kuma gaskiyarta ne, Aedes aegypti muke kiwo a keji, mai ɗigon farin nan a ƙafa da ke cizo da rana, shi ke yaɗa denge da Zika da chikungunya da shawara.

Masu tambaya wai me na gano a jikin sauro, to ku ji. Bairos na zama a jikinsa har ƙarshen rayuwarsa amma ba ya kayar da shi. Da bairos ɗin ya fara kwafar kansa sai RNA (zaren da ke ɗauke da bayanan gadon bairos ɗin) mai igiya biyu ta bayyana, wani furotin Dicer-2 ya yayyanka ta gutsi-gutsi, kowane gutsure harafi 21, sai wani furotin kuma, Argonaute-2, ya ɗauki gutsuren yana yawo da shi kamar ɗan sanda riƙe da hoton ɓarawo, duk RNA ɗin da ta yi daidai da shi ya datse ta. Amma fa ba ya gamawa da bairos ɗin, rage shi kawai yake, shi ya sa sauron ke nan garau yana cizon mutane. Wasu masana kimiyya biyu, Fire da Mello, su ne suka bayyana tsarin a 1998 a jikin wata 'yar tsutsa, suka ci Nobel a 2006.

Farfesa, supabaizana, Allah ya ƙara girma, ya tare min da mai jarrabawa ya taso ni gaba da tambayoyi kan ɓarkewar denge ta Sakkwato a 2023. Sai Baba mai kula da lab, wanda ke tasowa cikin dare ya tada janareto in an ɗauke wuta, don RNA ba ta da haƙuri ko kaɗan, firiza na hucewa aikin wata guda ya tafi, wallahi rabin digirin nan nasa ne.

'Yan ajinmu da suka cika ɗakin jiya, Allah ya bar zumunci. Walima ranar Asabar bayan la'asar a gida, kowa ya zo.