Loda Windows 7 a Kan Sabuwar Kwamfuta: Abin da Aikin Ya Koya Mini

Har yau ana shigo mini shago da kwamfuta sabuwa fil, ko tokumbo da ba ta daɗe da fitowa ba, a ce in cire Windows ɗin da ke ciki in loda Windows 7. Ba na yi wa masu wannan buƙata kallon waɗanda zamani ya bari a baya, domin kusan kowannensu yana da hujja. Wani yana da injin yankan sitika wanda manhajarsa ba ta aiki sai a kan 7. Wani tsohuwar firinta ce da ke ciyar da gidansa. Wani kuma hannunsa ne ya saba, kuma sabo ba abin wasa ba ne ga mutumin da aikinsa ke kan allo daga safe har dare.

Windows 7 ya fito a watan Oktoban 2009, kuma direbobin da ke cikinsa na kayan wancan lokaci ne. Direba shi ne tafintan da ke tsakanin Windows da kowane sashe na kwamfuta. Idan babu shi, sashen yana nan lafiyarsa ƙalau amma Windows bai san da zamansa ba. Shi ya sa ƙarfin kwamfuta ba ya taimakawa a wannan aiki. Sau da yawa ma mafi tsada ita ce mafi ba da wahala.

Inda aka fi fara cin karo shi ne kafar USB. A shekarar 2015 Intel ya fito da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) zubi na 6, wanda ake kira Skylake, kuma daga nan aka daina sanya tsohon tsarin sarrafa USB mai suna EHCI, aka bar xHCI kaɗai, wato na USB 3.0. Windows 7 bai zo da direban xHCI ba; sai a Windows 8 aka fara samun shi a ciki. Ga yadda abin yake a kan tebur: ka jona filashi, kwamfuta ta tashi daga kansa, shuɗin allon nan na zaɓen harshe ya bayyana, sai ka ga jar fitilar ƙasan mawus ta mutu. Ka danna Num Lock a kibod, ko ƙyaftawa ba ta yi. Idan laftof ce, kibod ɗinta na iya aiki, ka matsa gaba, sai saƙo ya fito cewa ba a samu direban CD ko DVD ba, alhali kwamfutar ko wurin sa faifai ba ta da shi. Yaran shago suna ganin haka sai su ce filashin ne ya lalace, su sake rubuta shi da manhajar Rufus, su sauya kafa, su ari na maƙwabci. Filashin ba shi da laifi. BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows, shi ne ya karanta shi da farko, yana miƙa ragama ga Windows sai hanya ta yanke.

Maganinsa shi ne a cusa direban a cikin fayilolin lodin tun kafin a fara. Akwai fayil biyu, boot.wim da install.wim, kuma ana yin aikin da DISM, wata manhajar da ke cikin Windows, ko da ƙananan manhajojin da kamfanonin bod irin su Gigabyte da ASUS da MSI suka fitar don haka. A nan ne nake tsayawa sosai idan ina koya wa yaro, domin da yawa suna sa direban a boot.wim su manta da ɗayan. Lodin zai tafi sumul har ƙarshe, kwamfuta ta sake tashi, ta nemi a rubuta sunan mai amfani, sai kibod ya sake mutuwa, aikin awa guda ya koma farko. Idan ta tebur ce kuma tana da tsohuwar kafar PS/2, zagayayyiyar nan mai launin shunayya ko kore, tsohon kibod yana fitar da kai kunya. Shi ya sa ba na yar da su.

Sai rumbun ajiya. Idan rumbun SSD ne nau'in NVMe, sabon nau'i mai sauri, za ka isa inda ake zaɓen faifan da za a ɗora Windows ka tarar da wurin wayam. Microsoft ya fitar da gyara biyu don wannan, KB2990941 da KB3087873, su ma cusa su ake yi a fayilolin. Bayan haka sai saitin BIOS: a kashe Secure Boot, a kunna CSM, wato saitin da ke barin kwamfuta ta tashi ta tsohuwar hanya, a kuma daidaita tsarin rabon faifai, GPT ko MBR, da hanyar da za a tashi. Tun 2017 Intel ya sanar cewa zai daina tallafa wa CSM zuwa 2020, kuma yawancin laftof na yanzu ba su da shi kwata-kwata. A kan irinsu Windows 7 yana tsayawa cak a tambarin farko, launuka huɗun nan su haɗu, daga nan babu gaba.

Duk waɗannan ana iya koyonsu a 'yan kwanaki. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna mini shi ne cewa ganin Windows 7 ya buɗe ba shi ne gama aiki ba. Buɗe Device Manager, inda Windows ke jera sassan kwamfuta, ka ga jerin alamun ruwan ɗorawa. Direban hoto na Intel da aka yi wa Windows 7 a hukumance ya tsaya a zubi na 6. Daga na 7 zuwa sama na Windows 10 ne. Ba tare da shi ba rubutu yana fitowa manya-manya, da'ira ta miƙe ta daina zama da'ira, bidiyo yana tsalle, ba a iya rage hasken allo, kwamfuta ba ta barci idan an rufe murfinta. Ga mai zane a CorelDRAW, wannan kwamfuta ba ta da amfani. Ga wanda ke lissafin kowane minti na batir saboda ɗauke wuta, hasken da ba ya raguwa asara ce ta kullum. Ga Wi-Fi da ba ya gani, ga tacfad da ba ya motsi. Kuma ba haɗari ba ne aka samu haka: a Janairun 2016 Microsoft ya bayyana cewa sababbin furosesa Windows 10 kaɗai za su samu tallafi a kai, a 2017 kuma ya toshe sabuntawar Windows 7 a kan Intel zubi na 7 da AMD Ryzen.

Akwai direbobin da wasu suka yi wa kwaskwarima suka zuba a intanet, kuma wani lokaci suna aiki. Ina gwada su a kan tawa don in ƙaru. Amma ba na sa su a kwamfutar da mutum zai ci abinci da ita, domin ban san wanda ya taɓa su ba, kuma ranar da shuɗin allon da ke nuna Windows ya faɗi ya fara fitowa a tsakiyar aikin kwastoma, sunana za a kira.

Don haka yanzu kafin in taɓa komai sai na karanta lambar furosesa. A i5-6200U, lambar da ke bin layin ita ce zubi, wato na 6, akwai hanya. i5-8250U na 8 ne, sai an yi tunani. i5-1135G7 na 11 ne, ba na ma farawa. Sannan in shiga Windows ɗin da ta zo da shi, in duba Hardware Ids, wato lambobin shaida, na katin hoto da na Wi-Fi da na sauti: VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek. In nemi direbobinsu na Windows 7 a shafin kamfanin, in sauke su a gefe, musamman na intanet. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi fomatin kafin ya tanadi direban intanet ba shi da abin da zai sauko da sauran.

Tambaya ta biyu kuma ga mai kwamfutar take. Wani dattijo mai shagon buga sitika ya kawo mini laftof zubi na 11, ko ledar jikin murfinta ba a ɓare ba.

"Injiniya, bakwai nake so ka sa mini."

"To Alhaji, wane aiki za a yi da ita?"

"Injin yankana ne ya ƙi wannan sabon. Ɗana ya gwada, ya ƙi."

"Ranka ya daɗe, ke nan ba Windows 7 kake nema ba, injinka kake so ya yi yanka."

Ya ce ƙwarai kuwa. Na nuna masa hanya biyu. Ta farko, a bar laftof ɗin yadda take, a girka Windows 7 a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wani Windows a cikin wanda ke kan kwamfutar, ya riƙa buɗe shi kamar kowace manhaja, a miƙa masa kebul ɗin injin ta USB. Wannan yana aiki da injuna da yawa, amma wasu masu makullin manhaja na USB suna gardama, kuma dattijo ba ya son abin da sai an kira yaro kowace safiya. Ta biyu, ya sayi tsohuwar kwamfutar tebur zubi na 3 ko na 4, irin waɗanda ofisoshin Turai suka sallama suka cika kasuwanninmu, wadda aka ƙera ta da Windows 7 a rai, direbobinta duka suna nan. Ya zaɓi ta biyu. Na ɗaure ta da injin, laftof ɗin kuma ta zama ta zane da saƙonni.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa, kuma shi nake kafa wa kowa: kada wannan kwamfuta ta shiga intanet. Microsoft ya daina ba Windows 7 gyaran tsaro ga jama'a tun 14 ga Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya masa a siga ta 109 a farkon 2023. Lokacin da WannaCry, ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ya ɓarke a Mayun 2017, kwamfutocin Windows 7 da ba a sabunta ba su suka fi shan wuya, kuma a wancan lokacin akwai gyaran, rashin sawa ne kawai. Yanzu gyaran ma ba ya zuwa. Wanda ya ce zai riƙa shiga asusun bankinsa da ita, ina gaya masa gaskiya ido da ido, ko da zai tafi wani shagon. Filashin kwastomomi ma a fara duba shi a ɗaya kwamfutar kafin a kai shi can.

Windows 10 ma tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma idan furosesar Intel ce, zubi na 8 zuwa sama. Nan da 'yan shekaru za a fara kawo sababbin kwamfutoci ana cewa a mayar da su 10 saboda wani inji ko wata manhaja. Kamfanoni kuwa suna sauke tsofaffin direbobi daga shafukansu ba tare da sanarwa ta iso mu ba, don haka na ware faifai guda, duk samfurin da ya shigo hannuna sai na adana direbobinsa na 7 da na 10 a ƙarƙashin sunansa kafin ya bar shagon.