Laraba, ranar ɗibar samfur

Na isa ɗakin gwaji kafin bakwai, ɗan kabu-kabu ya ɗauro mini kular ƙanƙara a baya, domin RNA, wato kwafin saƙon ƙwayoyin gado da nake aunawa, ba ta jure zafin Birnin Kabi na watan Afrilu. Malam mai kula da kayan aiki ya riga ni zuwa. "Malama, kwalabenki sun tashi," in ji shi, tun ban ajiye jaka ba. Haka kuwa, a kwalaben da nake renon bakteriya kumfa ta hau saman ruwan, marufin roba ya kumbura saboda iskar da ta taru a ciki.

Da na soka allura na zuƙo samfurin farko, warin ya buge ni, irin na man shanun da ya daɗe ya lalace. Tsamin butirik ke nan. Bakteriyar da nake nazari, Clostridium acetobutylicum, haka take fara rayuwarta: ta ci sukari, ta yi ta zubar da tsami iri biyu, asetik da butirik, har ruwan ya kusa gagararta zama. Sai ta juya. Ta koma tana shanye tsamin da ta zubar tana mayar da shi asiton da butanol, da ɗan itanol kaɗan, kusan kashi 3 da 6 da 1. Wannan juyin nake bi.

Ƙwayoyin gadon da ke yin aikin suna cikinta tun farko, a kashe dai suke. Wadda aka kunna ita ake kwafa zuwa RNA, saboda haka idan na auna yawan RNA ɗin kowace ɗaya a sa'o'i daban-daban, zan ga lokacin da ta farka. Ina bin adc mai fitar da asiton, da ctfA da ctfB masu janyo tsami su mayar ciki, da adhE mai kai wa ga butanol. Furotin ɗin da ke ba su umarni, Spo0A, shi ne kuma ke sa bakteriyar ta dunƙule ta shiga ɓawo mai tauri idan zama ya yi wuya. Abin yana burge ni ƙwarai: a wurinta dabarar tsira ce kawai, mu kuma muna samun abin narka fenti da abin goge jan farce.

Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta. Malam ya tada janareta saboda firiza, ni kuma na ci gaba da ɗiba, kowane samfur daga allura sai cikin ƙanƙara, ba tsayawa. Iska ma abokiyar gaba ce a nan, bakteriyar ba ta rayuwa inda akwai oksijin, don haka ko buɗe kwalba ba a yi.

Dakta, malamarmu, ta leƙo bayan azahar. Ta duba littafina ta tambaya daga ina na tada irin. Na ce daga masu ɓawo na ajiya, na ɗumama su a ruwan zafi na digiri 80 na minti goma kamar yadda ta koya mana. Ta gyaɗa kai. Dalilin wannan tsantseni shi ne waɗancan ƙwayoyin gado huɗu suna kan wani zoben DNA daban, mai suna pSOL1. In aka yi ta juya iri daga kwalba zuwa kwalba, zoben yakan ɓace, sai a wayi gari da bakteriya mai yin tsami zalla, ba ta ƙara ba da ko ɗigon butanol.

Da la'asar ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya daina sauka, ya ɗan ɗago, kuma wani wari mai kaifi ya fara shiga cikin na safe. Wallahi sai da na kira Malam ya zo ya shaƙa. Kwalaben sukari zalla ne suka fara. Waɗanda na ba ruwan ɓuntun shinkafa suna nan a tsaminsu har na tashi, kuma wannan jinkirin ne tambayata. Ɓuntu yana da sukarin zailos, wanda bakteriyar ke ci amma sai gulukos ya ƙare, ga kuma wani sinadari mai suna furfural da ke fitowa idan an dafa shi da asid, wanda ke danne ta.

Baba ya kira daga Argungu bayan magariba, ya ce, "To 'yar nan, mi ƙwarin naki suka yi yau?" Na ba shi labarin Chaim Weizmann, wanda ya ware wannan bakteriya a Jami'ar Manchesta, har Ingila ta yi amfani da ita a yaƙin duniya na farko tana yin asiton daga masara don haɗa albarushi. Na ce ni ba na son a taɓa abincin mutane, tulin ɓuntun da ake ƙonawa a bayan injinan casa nake hange. Na kuma faɗa masa gaskiya cewa butanol guba ne gare ta, da wuya abin da take tarawa ya wuce giram 20 a lita, shi ya sa man fetur ya kore ta daga masana'antu. Ya ce in zo ran Asabar, zai sa a ɗaure mini buhu daga casar bana.

Gobe da sassafe zan fara tace RNA, na kwalaben ɓuntu tukuna.