Hadarin Gembu ba ya sallama

Da safe hazo ya rufe Gembu har ba ka hango mai babur a gabanka. Kafin azahar rana ta buɗe tas, da la'asar kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wayata, baiwar Allah, tana ta nuna min hoton rana a hasashen yanayi.

Ban ga laifinta ba. Tsaunin Mambila, inda Gembu take, ya haura mita 1,500, iska mai danshi tana hawa dutse sai ta yi sanyi, hadari ya haɗu nan take. Wannan kwarin ya jiƙe sharkaf, na kusa da shi ko ɗigo. Masu tsinkar ganyen shayi a Kakara kan dutse suke duba su ce maka ɗauki lema.

Gobe zan sauka Serti. Direba ya ce da hantsi za mu tashi, kafin hanya ta yi santsi.