Kwana 85 da Ban Lissafa Ba

Kalma biyar kawai na furta: "Da ni ne, zan karɓa." Zamanmu na biyu ke nan da wani ɗan kasuwa, ko sunayen manyan ma'aikatansa ban gama riƙewa ba. Yana da kamfanin yin kwalayen zuba kaya, ma'aikata 24, kuma an haɗa mu ne ta wani shirin sa-kai inda waɗanda suka daɗe suna jan kamfani ke yi wa wasu shugabannin kasuwanci jagora kyauta. Wani babban kamfani ne ya ba shi odar da ta kai kusan kashi 40 cikin 100 na cinikinsa na shekara. Ya miƙo mini takardar riba da asara, na ga ribar kashi 18 cikin 100 a kan odar, na gyaɗa kai. A makon ya sa hannu.

Ban tambayi ranar da kuɗin zai shigo ba. Tana nan kuwa a shafi na uku na kwangilar da ban nemi gani ba: biya bayan kwana 90 da kai kaya. Masu sayar masa da ɗanyen kwali kwana 30 suke ɗaga masa ƙafa. Daga shigowar ɗanyen kaya zuwa fitar da mota, kwana 25. To, a lissafa. Kuɗinsa zai shigo a rana ta 115, shi kuma dole ya biya masu kaya a rana ta 30. Kwana 85 ke nan yana ɗauke da nauyin odar daga aljihunsa, ga albashin kusan wata uku a tsakani, ga wuta, ga kuɗin ƙarin awoyin aiki. Lissafin da ɗalibin akanta zai yi a bayan ambulan cikin minti biyar, shi ne ban yi ba. Babban kamfanin ma bai cika alkawari ba, sai da ya ƙara mako uku, wai takardar neman biya ba ta ɗauke da lambar oda. Gibin ya koma kwana 106.

A wata na uku albashi ya makara da kwana tara. Ya ci bashin gaggawa mai tsadar ruwa, ya jinkirta wa ƙananan kwastomominsa kaya saboda injina duk suna kan babbar odar, biyu daga cikinsu suka koma wani wurin, su da ke biya cikin mako guda. Da aka rufe lissafi, kuɗin ruwa da na ƙarin awoyi sun lashe fiye da rabin ribar nan da na gyaɗa wa kai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, na san karin maganar tun ina yaro, amma a kan takardar riba na manta da ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne amsarsa da na tambaye shi ko akantarsa ba ta ga gibin ba. Ya ce, "Ta gani, Yallaɓai, ta ma faɗa. Amma da na ce mata kai ka duba ka ce a karɓa, sai ta yi shiru." Ni a wurina hira ce muke yi. Shi a wurinsa hukunci na yanke, har ya ɗauki sunana ya rufe bakin mutum ɗaya tilo da ta san gaskiyar lamarin. Duk mai shirin shiga wannan aiki ya kamata ya san cewa shugaban kamfani sau da yawa ba shawara yake nema ba, ya riga ya yanke abin da ransa ke so, wanda zai sa masa albarka yake nema. Kai kuma da ba ko sisinka a ciki, maganarka ta fi ta ma'aikacinsa nauyi, domin ana ganin ba ka da wata manufa.

Tun daga nan na canza tsari. Zama uku na farko ba na ba da ra'ayi a kan komai da ya shafi sa hannu, ɗaukar bashi ko sallamar ma'aikaci, ko da an matsa mini. Kafin zama na biyu ina neman abu uku: bayanan asusun banki na wata shida, jerin waɗanda ake bi bashi tare da kwanakin da kowanne bashi ya yi, da jerin waɗanda ke bin kamfanin. Takardar riba da asara sai daga baya, domin tana rubuta ciniki ranar da aka kai kaya, ba ranar da kuɗi ya faɗa asusu ba, kuma a nan ta yaudare ni.

Sai jadawalin shige da ficen kuɗi na mako 13, wato wata uku. Kowane mako da layinsa: abin da ke asusu ranar Litinin, abin da ake sa ran zai shigo, abin da zai fita, abin da zai rage ranar Juma'a. Kuɗin da zai shigo a rubuta shi a makon da kwastoman ya saba biya, ba makon da ya yi alkawari ba. Sabon kwastoma babba kuwa, a ƙara masa mako uku a kan abin da kwangila ta ce. Wannan adadin daga wuyar da muka sha na samo shi. Shi shugaban ne zai cike jadawalin da hannunsa tare da akantarsa, ba ni ba. Idan ni na cike, nawa ne, ranar da na tafi ya mutu. Da mun yi wannan a zama na biyu, da layin mako na biyar ya nuna ja tun kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Ba kuma cewa nake da an ƙi odar ba. Da an ga gibin, akwai abin nema: kafin alƙalami na kashi 30 cikin 100, ko a raba kai kayan gida huɗu kowanne da takardar neman biyansa, ko a roƙi masu ɗanyen kaya su ɗaga zuwa kwana 60 tunda za a sayi da yawa, ko a shirya da banki tun da wuri, lokacin da ba a matse ba, ruwan ya fi sauƙi. Duk waɗannan kafin sa hannu ake samunsu. Bayan sa hannu roƙo ne.

A cikin zaman kansa, minti 90 duk mako biyu, ina bin tsarin tambayoyi huɗu da ake kira GROW, wanda ake dangantawa da John Whitmore, masanin horar da shugabanni: me kake son cimmawa, a ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wanne za ka bi kuma yaushe. Da can ina tsallake tambaya ta biyu da gudu saboda ta uku ta fi daɗi, a nan gwaninta ke fitowa. Yanzu rabin lokacin a ta biyu yake ƙarewa. Na kuma ƙara tambaya guda da ba ta cikin tsarin: "Wa ya ƙi yarda da wannan a kamfaninka, kuma me ya ce?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa mai ɗakin ba shi ne ke zaune a gabana ba. Idan abin ya shafi kuɗi, ina neman a kira akanta ta zauna minti 20.

Sauran sharuɗɗan shafi ɗaya ne da muke sa wa hannu: wata shida sannan a sake duba ko za a ci gaba, sirrin kamfani ba ya fita, ba na sa jari, ba na sayar masa da komai, ba na tsaya masa a banki, kuma hukunci nasa ne. Ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan aiki, irin SCORE ta Amurka da aka kafa a 1964, suna da ƙa'idojin da ke hana ɗan sa-kai cin moriyar wanda yake yi wa jagora. Layin ƙarshen nan na "hukunci nasa ne" yana cikin takardarmu tun ranar farko, bai hana komai ba, tunda ni da bakina na rushe shi.

Har yanzu muna zama. Babban kamfanin ya dawo da oda ta biyu, wannan karon da kafin alƙalami da kai kaya kashi-kashi, kuma akantar ce ta jagoranci cinikin. Ranar da ta kawo jadawalin, na ga sunan da suka sa wa odar farko a saman shafin tsohon lissafi: "Kwangilar Yallaɓai". Ban ce a goge ba.