Ranar da aka kai mu kallon tudun ƙasa a Thetford

Ni dai tsakani da Allah da aka ce mana ranar Asabar za a kai mu ganin kasul, wato gidan yaƙin sarakunan Turawa na da, na ɗauka irin wanda ake gani a hoto ne, katangar dutse da dogayen hasumiyoyi da ƙatuwar ƙofa. Tun dare na cika wayata da caji saboda hotunan da zan tura gida. Watan Fabrairu ne, ina zango na biyu a digirina na biyu kan ilimin kufai a Ingila, sanyi kuwa ba a magana. Mota ta sauke mu a Thetford, wani ƙaramin gari a yankin Norfolk, muka ɗan taka muka shiga wani fili mai ciyawa, ga masu yawo da karnuka ga yara suna guje-guje, sai malamarmu ta tsaya ta ce to mun iso. Na waiga hagu na waiga dama. Tudu ne kawai, ƙaton tudu mai ciyawa, da wasu kwaruruka a gefensa. Ko bulo ɗaya babu. A raina na ce yanzu saboda wannan na tashi tun asuba?

Ita kuwa Dakta (sauran ɗalibai sunanta suke kira gatsal, ni har na gama bakina bai iya ba) ko a jikinta. Ta raba mana allon zane da tef da fensir, ta ce kar wanda ya karanta allon bayanin da ke bakin hanya, kowa ya zaga awa ɗaya ya zana abin da idonsa ya gani, ya rubuta wanne aka fara yi wanne ya biyo baya.

Tsarin dai mun karanta shi a aji. Bayan Wiliyam na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, mutanensa ba su da yawa kuma ƙasar ba ta son su, don haka suka dinga gina irin wannan ɗaruruwa cikin gaggawa. A haƙa rami a zagaye, a tara ƙasar a tsakiya ta zama tudu, shi suke kira mot, a dasa hasumiyar katako a samansa a kewaye da kafi. A gindinsa kuma a keɓe fili, beli kenan, nan ne barga da madafa da rumbu da ɗakunan dakaru suke, shi ma da nasa ramin da kafin. Katako ya ruɓe tuntuni, ƙasa ce ta rage. Duk na haddace wannan, a jarrabawa zan zuba shi ba gargada, amma da na tsaya a wurin sai na ga hadda daban gani daban.

Na farko ma zanen ya gagare ni. Gangara ana nuna ta ne da wasu ƴan layuka masu kai kamar talibambam, kan yana saman gangarar jelar tana nuna ƙasa, in gangarar ta yi tsayi a ja jelar, in ta yi tsaye a matse su kusa-kusa. Ni kuwa yatsuna sun ƙandare, safar hannun ta jiƙe, na juya kawunan a gefe guda gaba ɗaya, sai ramina ya koma tudu a takarda. Dakta ta leƙo ta ce in sauka cikin ramin in tsaya, in ɗaga kai in ga inda ƙasa ta fara karyewa, daga nan zan sa kan layin. Da na sauka ne ma na ji girman abin, don daga ƙasan ramin tudun nan ya haura mita 20, gindinsa kuma wajen mita 100 ne a faɗi, kuma gangararsa in ka ce za ka hau a guje da garkuwa a hannu ana jifanka daga sama, to Allah ya jiƙan rai. Yanzu an sa matakala, duk da haka sai da na huta a hanya.

Babban kuskurena kuma a ganuwoyin nan biyu ne da ke arewa da tudun, manya, ɗaya bayan ɗaya da rami a tsakani. Na rubuta da ƙarfin gwiwa cewa duk aikin mutanen Nomandi ne, lokaci guda aka yi su da tudun. Da muka taru ta karanta nawa a gaban kowa, ba da wulaƙanci ba, ta tambaye ni me na gani a ƙasa da ya nuna min haka. Shiru na yi, don ban ga komai ba, littafi ne ya ce kasul yana da ganuwa ni kuma na ga ganuwa. Ashe waɗannan sun girmi tudun da shekara fiye da 1000, sansani ne na zamanin ƙarfe a ƙasar ƙabilar Iceni, mutanen sarauniya Boudica da ta yi wa Rumawa tawaye. Tono da aka yi a wurin a 1962 ya taimaka wajen tabbatar da haka. Mai tudun zuwa ya yi ya tarar da ganuwa a tsaye a daidai mashigin kogin Thet da Little Ouse, inda tsohuwar hanyar Icknield ke tsallakawa, sai ya dasa nasa a ciki ya gyara na da ya huta da rabin aiki. Ta kai mu inda ramin tudun ya haɗu da tsohuwar ganuwar ta ce mu duba wanne ya yanka wanne, don wanda ya yanka shi ne ƙarami. Magana mai sauƙi kamar ba komai ba, amma wallahi tun ranar ita nake fara tambaya a duk filin da na je.

Sai lissafi. Ta ce kowa ya ƙiyasta yawan ƙasar da ke cikin tudun. Nawa lissafin na ɗalibi a gurguje ya ba ni wajen tifa 6,000 irin mai cin kubik mita 10, kuma alli ne yawanci, in ka duba inda zomo ya tona za ka ga farinsa. Ba tifa a lokacin ba katafila, sai magirbi da shebur na katako da kwando a ka ko a baya. Ramin da ke kewaye ma bai isa ya ba da wannan allin duka ba, dole an ɗebo wani daga waje. Ana danganta ginin da Roger Bigod, wani babba cikin mutanen Nomandi, wanda ya riƙe garin wajen 1100 kuma ya kafa gidan ibadar sufaye a can, to amma shi dai bai ɗauki kwando ba, mutanen garin da aka ci da yaƙi su suka yi dakon tudun da za a hau a dinga leƙen su. Thetford lokacin tana cikin manyan garuruwan Ingila, ba banza aka yi shi da wannan girman ba. Kuma duk wahalar nan bai kai shekara 100 yana aiki ba, a 1173 lokacin tawayen ƴaƴan Sarki Henri na 2, wanda Hugh Bigod ɗan Roger ya shiga, aka rushe ginin. Tudun ne ya gagara. Daga baya mutane suka manta wanda ya yi shi har ana cewa Shaiɗan ne ya kankare takalminsa a wurin, wasu su ce akwai dukiya a binne a ciki. Ko'ina dai ɗan Adam ɗaya ne.

Ina saman tudun, a ɗan kwarin da ke tsakiyarsa inda iska ta ɗan lafa, abin ya faɗo min. Shekara nawa ina bin hanyar Gadon Ƙaya zuwa Kabuga a adaidaita, badala a gefe ga kududdufai a bayanta, ban taɓa haɗa su a kaina ba, ban taɓa tunanin ramin nan shi ya haifi katangar nan ba. Kuma littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar, wato kusan zamani ɗaya da masu dakon allin nan. Ba wai abu ɗaya ba ne, tamu gari ta kewaye don kare mutanen ciki, wannan kuwa don a danne na gari aka yi shi, amma idon da ake karanta su ɗaya ne, kuma sai da na zo nan na same shi. Nan in ka soka shebur a tudun ba izini doka za ta hau kanka, can kuwa na sha ganin ana ɗibar ƙasar badala ban ko ɗaga kai ba.

Da daddare na tura wa Baba hoton. Ya kira ya ce, Malam, yanzu ka bar Dala da Goron Dutse ka tafi Ingila kallon tudu? Na ce Baba ai wannan mutane ne suka tara shi da hannu. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ka dai dinga sa rigar sanyi. Daga nan na kira ƙanena na ce gobe ya taka daga Gadon Ƙaya zuwa Dukawuya, duk taku 50 ya tsaya ya ɗaukar min badalar ciki da waje, ya haɗa da kududdufin. Ya ce ba matsala Yaya, amma a fara turo kuɗin data.