Jar Ford ɗin Bob McGee

A garejinmu da ke bakin hanyar Gumel zuwa Maigatari, duk a-kori-kurar da aka kawo gyara ƙari take nema: a ƙara sifirin, a ɗaga bodi, don ranar Alhamis ta kwashi tumaki da buhuna. Samarin kudancin Kalifoniya ta Amurka na shekarun 1930 kuwa ragewa suke yi. Su sayi tsohuwar Ford da arha, su cire murfin tayoyi da duk ƙarfen da ba ya ƙara gudu, su nufi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada wa ya fi wani. Irin waɗannan motoci ake kira hot rod.

Wadda masu hot rod suka fi so daga baya ita ce Ford ta 1932, shekarar da kamfanin ya fito da inji mai silinda takwas a kuɗin da talaka zai iya. Ƙarfin doki 65 ne kawai. Kar ka raina, jikin ba nauyi, injin kuma yana karɓar gyara: a ƙara kafireto, a sauya kan inji, sai ya zama wani abu daban.

Ni wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta Bob McGee, wanda ya gyara tasa bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Ya sauke ta ƙasa-ƙasa, ya cire mariƙin ƙofa, ya ɓoye hinjis, ya tsaga bonet layi-layi don zafi ya fita, ya shafe ta da jan fenti. Wallahi aikin hannu ne mai tsafta, babu tarkacen ado. A watan Oktoba na 1948 ta hau bangon mujallar Hot Rod, wadda Robert Petersen ya fara bugawa a shekarar.

Daga baya ta koma hannun Dick Scritchfield, ya sa mata injin Chevrolet, ya kai ta filin gishiri na Bonneville a jihar Utah ya yi tsere da ita. Masu son asali na iya cewa ya ɓata ta. Ban yarda ba. Da ajiye ta ya yi a ƙarƙashin rumfa, da tsatsa ta cinye ta tun kafin Bruce Meyer, mai tara tsofaffin motoci, ya saye ta ya mayar da ita kamanninta na zamanin McGee. A 2017 aka shigar da ita rajistar motocin tarihi ta Amurka.