Albashin mai shara a takardar kwangila ake yanke shi

A yawancin bankuna, asibitoci, jami'o'i da manyan kantuna na Kano, Kaduna da Abuja, matar da ke goge tayil tun ƙarfe shida na safe ba ma'aikaciyar wurin ba ce. Wani kamfani ne ya ɗauke ta, shi kuma aka ba shi kwangilar tsaftace ginin. Hatta ma'aikatun gwamnatin tarayya haka suke tun gyaran aikin gwamnati na zamanin Obasanjo, lokacin da aka miƙa ayyuka irin su shara da gadi ga 'yan kwangila. Shi ya sa in ka tambayi manajan wuri nawa ake biyan masu sharar ofishinsa, sai ya ce ba ruwansa, a tambayi kamfani. Da ruwansa kuwa, har da tsakinsa. Ranar da ya sa hannu a kan farashin kwangilar, ranar ya yanke musu albashi, ko ya sani ko bai sani ba.

Mafi ƙarancin albashi daban, albashin rufin asiri daban. Na farko doka ce. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, bayan 30,000 na 2019 da 18,000 na 2011, aka kuma rage wa'adin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku. Ƙungiyoyin ƙwadago da 615,000 suka fara ciniki, suka sauko har 250,000, gwamnati na cewa 62,000, kafin a tsaya inda aka tsaya. Ke nan adadin ciniki ne ya haife shi, ba lissafin cefane ba. Jihar Kano ta ce 71,000, Kaduna 72,000, Legas 85,000. Raba 70,000 gida talatin, za ka samu kimanin naira 2,333 a rana. In mutum shida ke ci daga ciki, kowa bai kai 400 ba, kuma ba a taɓa kuɗin haya ko na mota ba tukuna.

Ko wannan ɗin ma dokar ta bar ƙofofi a buɗe. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan masu aikin ɗan lokaci ko waɗanda ake biya jinga ko kamasho ba. Harkar shara kamar don waɗannan ƙofofi aka yi ta. Mutum ɗaya yana iya yin rajistar ƙananan kamfanoni uku, kowanne da ma'aikata ashirin. Ko a rubuta wa mace aikin awa huɗu a takarda, alhali da safe za ta zo ta yi uku, ta dawo da yamma bayan an tashi ta yi wasu uku, ta biya adaidaita sahu sau huɗu maimakon biyu.

Albashin rufin asiri shi ne abin da zai riƙe ma'aikaci da iyalinsa cikin mutunci daga aikin sa'o'in da aka saba, ba tare da ƙarin lokaci ba. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ma'ana mai kama da wannan a 2024. Hanyar lissafin da aka fi amfani da ita ta Richard da Martha Anker ce, kuma duk mai kamfani yana iya yin kwatankwacinta da biro da takarda.

A fara da abinci, a kasuwar da ma'aikatan ke cefane, ba a babban kanti ba. A rubuta abin da gida mai mutum biyar ko shida ke ci a wata: kwano nawa na masara ko gero, shinkafa, wake, manja da man gyaɗa, kayan miya, ɗan nama ko kifi ko ƙwai, da gawayi ko gas na girki. A ɗauki farashin ƙaramin awo, domin mai ƙaramin albashi ba ya sayen buhu, kuma awon gwangwani ya fi tsada in aka tara. Sai muhalli: hayar ɗaki biyu mai banɗaki a unguwar da ba ta yi nisa da wurin aiki ba, a raba ta gida goma sha biyu, a haɗa da kuɗin wuta da na ruwan 'yan garuwa. Sai kuɗin mota na kwana 26, zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan layin ne ke cinye albashin masu shara, saboda wuraren da ke buƙatar sharar suna tsakiyar gari, su kuma suna bayan gari. Mai sharar ofis a Maitama daga Mararaba ko Nyanya ko Suleja take tasowa. Sai makarantar yara, magani, sutura, katin waya, sannan a ɗora kashi 5 cikin 100 don abin da ba a shirya masa ba, kamar rashin lafiya ko rasuwa.

Jimillar nan ta gida ce, sai a raba ta da yawan masu kawo kuɗi. Tsarin Anker yana ɗaukar adadi tsakanin ɗaya da biyu. Nan ne ake yawan yaudarar kai. A ce ai tana da miji, nata na ƙari ne. Wanda ya san masu sharar asibitocinmu ya san da yawansu zawarawa ne da matan da mazansu suka rasu, da marayu a gabansu. Na fi ganin dacewar kada a raba da abin da ya wuce ɗaya da rabi. Abin da ya fito kuma shi ne kuɗin da ya kamata ya shiga hannu, don haka a ƙara kashi 8 na fansho da za a cire mata, da haraji in albashin ya kai a biya.

Yanzu ga inda maganar take. Mu ɗauka, don misali kawai, lissafin ya ba da 120,000 a wata. Nawa ya kamata a biya kamfani a kan kowace mai shara?

Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki kashi 10, wato 12,000. Asusun diyyar ma'aikata na NSITF kashi 1, wato 1,200. Asusun horo na ITF shi ma kashi 1 ga kamfanin da ya kai. Dokar ƙwadago ta ba da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki, da hutun rashin lafiya har kwana 12 da albashi. Kwana 18 ke nan cikin 312 ga mai aikin kwana shida a mako, kusan kashi 6, kuma banɗaki ba ya jira, sai an biya wadda za ta riƙe wurin: a sa 7,000. Inifom saiti biyu, safar hannu ta roba, takalmin roba da takunkumi, a ƙiyasta 4,000 a wata. Sufabaiza ɗaya a kan mutum goma, kason kowa a ce 20,000. Omo, bilic, mofa, tsintsiya, bokiti da ledar shara, a ce 10,000. An tashi 175,400. Kamfani ya ɗora kashi 15 na gudanarwa da riba, ya zama kimanin 201,700. Harajin VAT na kashi 7.5 ya kai shi kusan 217,000. Ban ma sa inshorar rai da dokar fansho ta wajabta ba, mai biyan ninki uku na albashin shekara in ma'aikaci ya rasu, da hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi.

Da wannan lissafin, biyan 70,000 ɗin doka kaɗai yana buƙatar kusan 144,000 a kan kowane kai. To, juya shi baya. Ɗan kwangila ya ce zai yi a 100,000. Cire VAT, saura kimanin 93,000. Cire gudanarwa da riba, saura kusan 80,900. Cire kayan aiki, inifom da sufabaiza, saura 46,900. Cire fansho da sauran, albashin bai kai 40,000 ba. Kwamitin da ya zaɓi wannan tayin don ya fi araha ya zaɓi a karya doka, ko a tsoma omo cikin ruwa har ya daina kumfa, ko duka biyun. Araha ba ta ado. A aikin shara kuɗin mutane ne mafi yawan farashi, babu wani injin da za a matse a fitar da rangwamen, daga jikin ma'aikaci yake fita.

Saboda haka gyaran daga takardar neman tayi yake farawa. A rubuta adadin albashin ƙarara, a ce duk mai nema ya gina farashinsa a kansa, ya kuma kawo shi filla-filla kamar yadda aka jera a sama. Ta haka kamfanoni za su yi gasa a kan inganci da ribarsu, ba a kan wa ya fi iya matse talaka ba. A rubuta yawan ma'aikata da sa'o'insu. In ba a rubuta ba, abin da zai biyo baya sananne ne: a ƙara albashi, a sallami huɗu cikin goma, shidan da suka rage su ɗauki benen duka. Ga masu aikin ɗan lokaci a yi lissafin awa. Albashin 120,000 a kan awa 208 na wata ya kama naira 577, kuma kada kira ɗaya ya gaza awa huɗu a jere, in ba haka ba kuɗin mota zai haɗiye shi.

Wannan darasi a Landan aka fara koyonsa. A 2001 wata gamayyar majami'u, masallatai, makarantu da ƙungiyoyin ƙwadago a gabashin birnin ta fara fafutika a kan masu sharar asibitoci da manyan bankuna, waɗanda akasarinsu baƙi ne, har da 'yan Afirka ta Yamma. Amsar farko da suka samu ita ce irin ta manajanmu: ba ma'aikatanmu ba ne. Shi ya sa gidauniyar da fafutikar ta haifar a 2011 ba ta ba kamfani shaidar biyan albashin rufin asiri sai ya haɗa da ma'aikatan 'yan kwangila da ke aiki a harabarsa aƙalla awa biyu a mako, na mako takwas a jere. Adadin da ta sanar a ƙarshen 2024 fam 12.60 ne a awa, a Landan 13.85. Kuɗinsu ba namu ba ne, sharaɗin ne abin ɗauka.

Bayan sa hannu, abin da ya fi lalata tsarin shi ne jinkirin biya. Ma'aikata ta riƙe kuɗin ɗan kwangila wata uku, shi kuma ya riƙe na masu shara, su kuma su ci bashi a shagon unguwa, adashi ya tsaya. Albashi mai kyau da ke zuwa a makare rabinsa na masu bin bashi ne. Hadisin da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, amma a ofishin akanta ake aiki da shi. A sa ranar biya a kwangila, misali 25 ga wata ga kamfani, 28 ga ma'aikata, a kuma nemi shaidar cewa kamfanin yana da abin biyan albashin wata biyu daga aljihunsa.

Sai yanke-yanke. A cire kuɗin inifom, a cire na makara, a cire na mofar da ta karye. Dokar ƙwadago ta hana cin tarar ma'aikaci yadda aka ga dama, ta kuma ce duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Akwai kuma sufabaizan da ke karɓar nasa kason daga duk wadda ya samo wa aikin, wanda biyan kuɗi a hannu ke sauƙaƙa masa. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai aikin. Kowane wata, kafin a saki kuɗin gaba, mai ba da kwangila ya ga jadawalin banki da takardar shigar da fansho, wanda doka ta ce a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Cire kashi 8 a ƙi turawa ya zama ruwan dare. Takarda kuma tana ƙarya, don haka lokaci-lokaci a kira biyu ko uku daga cikinsu, ba a gaban sufabaiza ba, a ce, “Baba, nuna min alat ɗin watan jiya.” A ƙirga kawuna ma, domin sunayen bogi ba a gwamnati kaɗai suke ba.

Kada a taɓa layin kayan kariya don a cike giɓin albashi. Mai sharar asibiti tana ɗaukar ledar da allura ke iya huda ta, tana buƙatar safar hannu mai kauri da rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku cikin wata shida. Wadda ba a koya mata ba za ta haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid a banɗaki rufe don ya fi fita, hayaƙin kulorin ya shaƙe ta. Jinyar mako biyu ta share ƙarin albashin wata uku.

Ƙarin farashin ba duka ne asara ba. Inda ake biya da kyau mutane suna zama, ba a sake ɗinka inifom da koyar da sabuwa kowane wata biyu, kuma wadda ta shekara uku a ɗakin haihuwa ta san bokitin da ba a kai wa wani ɗaki. Ana kuma iya rage kuɗi ta mai da aikin safe da yamma zuwa zama ɗaya na rana, a sayi kayan wanki da katan. Sai dai kada a yi wa kai alkawarin cewa wannan zai rufe bambancin duka. Ba zai rufe ba, sauran sai an sa shi a kasafi.

Dole kuma a ɗaga na sufabaiza tare, in ba haka ba zai ga waɗanda yake kula da su sun kamo shi, ya fara neman cikon ta hanyar da aka ambata. Sannan kwangilar ta ƙunshi sharaɗin sake duba farashi. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan shekarar, in Disamba ta zo, 120,000 ba ya sayen abin da 90,000 ke saye a Janairu. A koma kasuwa da takardar lissafin nan sau biyu a shekara, sau ɗaya da kaka, sau ɗaya a tsakiyar damina lokacin da hatsi ya fi tsada, a kuma rubuta tun farko cewa abin da aka ƙara wa albashi mai ba da kwangila ne zai biya, daga watan da ya biyo bayan dubawar.